Kafin ku biya kuɗin ƙaramar mota, ku duba wannan

Assalamu alaikum 'yan uwa na Yamai. Mai niyyar sayen ƙaramar mota don ya sake sayarwa nan gaba, don Allah kada ragi ya ruɗe shi. In dillali ya zaftare ma wani samfuri kuɗi sosai, galibi ya kwana ne a hannunsa. Ranar da ka tashi sayarwa, daga farashin ragin nan mai saye zai fara tayi, sannan ya rage na tsufa.

Sai batun inda aka ƙera ta. Ka leƙa ƙasan gilashin gaba, gefen direba, ko ka duba kart giriz (takardar rajistar motar), akwai lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. Toyota Yaris da lambarta ta fara da JT ta Japan ce, mai VNK kuwa a Valenciennes ta Faransa aka haɗa ta. A ganina dukansu suna da ƙarko, amma masu saye a nan sun fi sakin kuɗi in sun ji Japan.

In mota ce wadda ba a saba da irinta a nan ba, ka je da makanikinka kasuwar Katako ku tambayi kayan gyaranta tukuna. In sai an aika Kwatano ko Lome, ka ƙara neman ragi ko ka haƙura.