Babi na 6: Idan tsohon maigidanka ya yi maka ƙarya a wurin neman aiki

Darasi na 1

Ka nemi aikin gadi ko tuƙi. An ce ka kawo sunan inda ka taɓa aiki. Sun buga waya can, tsohon maigidanka ya ce kai ɓarawo ne, alhali ko allura ba ka taɓa ɗauka ba. Aiki ya kuɓuce. A doka, wannan shi ake kira ɓata suna. A asalin dokar Final Kod ta jihohin Arewa, wato dokar hukunta laifuka, sashe na 391 ne ya bayyana laifin, sashe na 392 ya sa hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tara, ko duka biyun.

Amma a kula. In abin da ya faɗa gaskiya ne, ba ka da ƙarar neman diyya. In ya ce kana makara kullum, kuma kana makarar, sai haƙuri.

Darasi na 2: Shaida

Nan ne ɗalibai suke faɗuwa, don haka mu tafi sannu a hankali. Ɗauko littafinka. Rubuta abu huɗu: wa ya faɗa, me ya faɗa, wa ya faɗa wa, wace rana.

Sake karantawa. Wa ya faɗa? Rubuta cikakken sunansa, ba "oga" ba. Me ya faɗa? Rubuta kalmominsa yadda suka fito. "Ya ɓata ni" ba kalmominsa ba ne, naka ne. "Ya saci man mota", wannan shi ne nasa. Wa ya faɗa wa? Dole a samu mutum na uku da ya ji ko ya karanta. In kai kaɗai ya zaga a ɗaki, ba ɓata suna ba ne. Wace rana? Rubuta rana da wata da shekara.

In rubutunka bai yi kyau ba, ba komai, madalla da ƙoƙari. Alƙali ba kyan rubutu yake nema ba.

In takarda ce, yi hotonta, ka adana ta asali. In saƙon WhatsApp ne, kada ka goge, komai ɓacin ranka. Roƙi wanda ya hana ka aikin, cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, ko za a taimaka mini da abin da aka faɗa a rubuce?"

Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Kullum sai wani ya zo mini da "ai kowa ya sani". Kowa ba ya zuwa kotu. Wa ya faɗa, me ya faɗa, wa ya faɗa wa, wace rana. Kuma kada ka je ƙofar gidansa da zagi, sai a juya ƙarar kanka.

Darasi na 3

Kai littafin wurin lauya. Yakan fara da wasiƙar neman a janye maganar a ba da haƙuri. In aka ƙi, sai ƙarar neman diyya. Lauyan zai faɗa maka kotun da ta dace. Tsohon maigida zai ce tambayarsa aka yi ya amsa, don haka sai ka nuna da mugun nufi ya yi. Kada ka yi jinkiri, ƙara tana da wa'adi.

Darasi na 4

In ba kuɗin lauya, je ofishin Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a na jiharku. Ba a biya. Tafi da littafin.