Yadda ake gano lalacewar man kilishi da zaren SPME ba tare da sinadarin narkarwa ba

Tsohuwar hanyar gwajin abinci tana shan sinadaran narkarwa, hekzan da ire-irensa, lita-lita. Suna da tsada a Yamai, suna kama wuta, kuma bayan aiki sai an rasa inda za a zubar da su. SPME, wata dabarar kamo ƙamshin abinci da zare ba tare da an jiƙa shi da sinadari ba, ta kawar da wannan duka. Janusz Pawliszyn na Jami'ar Waterloo a Kanada ne ya fito da ita a 1990, kamfanin Supelco ya kawo ta kasuwa a 1993. Wani zare ne siriri, tsawonsa santimita ɗaya, an shafe shi da roba mai tsotsa, yana ɓoye cikin allura. Shi ke kama ƙamshin da ke tashi daga abinci ya kai wa na'urar GC, wadda ke rarrabe sinadaran da ke cikin ƙamshin tana auna kowanne.

Mu ɗauki kilishi. Idan man gyaɗar da ke jikinsa ya fara tsufa, yana fitar da wani sinadari mai suna hekzanal tun kafin hanci ya ji komai. Shi za mu nema.

Da farko a gasa zaren don ya tsarkaka. Ga kilishi na fi son mai rufi uku, wanda ake kira DVB/CAR/PDMS, don yana kama ƙananan sinadarai masu saurin tashi. In sabo ne, sai a sa shi a bakin GC a digiri 270 na tsawon lokacin da takardarsa ta ce. Daga nan a gwada shi shi kaɗai, babu abinci. In ya nuna wani abu, bai tsarkaka ba, a sake.

Sai samfur. Kilishin da ya taso daga Madawa a watan Afrilu, ya wuni cikin mota a zafin da ya haura digiri 40, ba shi ne wanda mahauci ya sayar ba. A sa shi cikin akwatin sanyi mai ƙanƙara tun daga can. A niƙa shi da sanyinsa, a auna gram 2 cikin kwalbar gwaji mai cin mililita 20, a ɗiga sinadarin ma'auni wanda aka san yawansa, a rufe nan take da murfi mai roba.

A ajiye kwalbar a digiri 50 minti 15 don ƙamshin ya taru a sararin da ke sama. Kada a ce bari a ƙara wuta don aiki ya yi sauri: zafi da kansa yana ƙona man, ya haifar da sabon hekzanal, a ɗora wa mai kilishi laifin da ba nasa ba.

Yanzu a huda murfin da allurar, a tura zaren waje, ya rataya minti 30 bai taɓa naman ba. A nan aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. Zaren ba ya kwashe hekzanal ɗin duka, wani kaso kawai yake ɗauka, kuma kason ya dogara da lokaci da zafi. In kwalba ta farko ta samu minti 30, ta biyu ta samu 38 saboda an fita amsa waya, sakamakonsu ba ya kwatantuwa. A sa agogo. In wuta ta ɗauke a tsakiya, a zubar da wannan kwalbar a haɗa sabuwa. Kuma ranar gwaji a haƙura da turare, don zaren bai san bambancin kilishi da rigar mai gwajin ba.

Lokaci ya cika, a janye zaren cikin allura kafin a zare ta. Masu koyo a nan suke karya shi. A kai bakin GC a digiri 250, a bar shi minti 5, ƙamshin ya saki ya shige bututun na'urar. A yi kwalba uku ga kowane samfur, a kwatanta hekzanal da sinadarin ma'auni.

Haka ake yi wa albasar Galmi, sai dai ita ƙamshin sulfa gare ta mai ƙarfi, ɗan kaɗan ya isa, kuma a rage lokacin rataya don kada zaren ya cika. Amma mai neman aflatoksin a gyaɗa ko ƙuli-ƙuli kada ya bi ta nan: wannan gubar ba ta tashi a iska, sai an jiƙo ta da sinadari an kai wa na'urar HPLC, mai rarrabe sinadaran da ke cikin ruwa.