Yadda Ake Mayar da Cisco Aironet 2700 Ya Yi Aiki Shi Kaɗai

Yawancin na'urorin watsa Wi-Fi na Cisco Aironet da kamfanoni suka gama amfani da su ba sa watsa Wi-Fi sai sun sami babbar na'urar da ke ba su umarni, saboda manhajar da ke cikinsu mai alamar k9w8 ce. Wadda ake bukata domin na'urar ta tsaya da ƙafarta ita ce mai alamar k9w7, kuma ga samfurin 2700 sunan fayil ɗin yana farawa da ap3g2.

Da farko a ɗora manhajar TFTP, wato wadda za ta tura fayil ɗin zuwa na'urar, kamar Tftpd64, a kan kwamfuta, a ba kwamfutar adireshin IP (lambarta a kan hanyar sadarwa) 10.0.0.2, domin na'urar za ta ɗauki 10.0.0.1. Sai a sauya sunan fayil ɗin zuwa ap3g2-k9w7-tar.default. A nan mutane da yawa suke tuntuɓe, domin Windows yana ɓoye ƙarshen sunan fayil, kuma idan harafi ɗaya ya ƙaru na'urar ba za ta gane shi ba. A kuma kashe katangar tsaron kwamfutar na ɗan lokaci, tunda takan toshe tashar UDP 69, wadda TFTP ke bi.

Bayan an haɗa kwamfutar da na'urar da kebul, a danne maɓallin MODE sannan a ba na'urar wuta, kada a saki sai fitilar ta koma ja, wanda yakan ɗauki daƙiƙa 20 zuwa 30. Ya fi kyau a jona komai a kan batirin ajiya, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya lalata manhajar.

Idan na'urar ta gama ɗora fayil ɗin ta sake tashi, sunan shiga da kalmar sirri duka Cisco ne, kuma dole a sauya su nan take. Rediyoyinta, wato sassan da ke watsa Wi-Fi, suna zuwa a kashe, sai an ƙirƙiri sunan Wi-Fi an kunna su.