Yadda Nake Hana Ƙwayoyin Cuta Sabawa da Maganin Adana Zoɓo

Masu zoɓon sayarwa, maganin adanawa na sodiyam benzowet ba ya aiki sai cikin abu mai tsami, wato ma'aunin tsami na pH ƙasa da 4.5. Shi ya sa yake riƙe zoɓo, a kunun aya kuwa kusan asarar kuɗi ne.

Ki auna shi yadda aka rubuta a jikin leda, kar ki yi kintace. Idan tsami ko magani ya yi kaɗan, ƙwayoyi irin su Salmonella sabawa suke yi, suna fitar da maganin daga jikinsu.

Abin da ya fi damuna gora ce. Santsin nan da yatsa ke ji a wuyanta gidan ƙwayoyi ne, magani ba ya ratsa shi sosai. Ki goge da buroshi da sabulu, ki ɗauraye da ruwan zafi, ki zuba tafasasshen zoɓo, sai firiji.