Kafin ka biya kuɗin tsohuwar mota, karanta shekarar da ke jikin injinta

Jama'a, masu neman tsohuwar 504 ko Land Cruiser a Garwa da Marwa, ga shawara.

In dillali ya ce injin na asali ne, kar ka tsaya a kan lambar da aka buga a jikinsa. Nemi ranar da aka zuba ƙarfen injin a masana'anta.

Wanke jikin injin da kananzir da buroshi, ka haska tocila. A injuna da yawa za ka ga lambobi masu tudu, ko ɗan da'ira kamar agogo mai nuna shekara da wata.

Inji yakan riga motarsa fitowa da makonni ko 'yan watanni. In mota ta 1978 ce, inji ya nuna 1982, an canja shi. Lambar bugawa ana iya goge ta a sake buga wata, amma mai tudu tare da ƙarfen aka zuba ta.

Kar ka dogara da ranar da ke kan kafireto ko sitata, waɗannan kullum ana canja su.

Inda dabarar ba ta ci: in an ɗauko injin daga mota 'yar shekara ɗaya da ita. Sannan 504 haɗin Kaduna, kayanta daga Faransa aka riƙa kawowa, don haka tazarar da ke tsakanin shekarun inji da na mota na iya fin 'yan watanni.