Yadda Ɗalibi Zai Kama Darasin Ƙwayar Zarra Tun Daga Madafi

Ɗalibai da yawa a makarantun sakandare na Maradi suna haddace darasin shimi, wato kimiyyar sinadarai, da Faransanci kalma bayan kalma, amma idan aka ce su faɗi da Hausa abin da ya faru sa'ad da gishiri ya ɓace cikin ruwa, sai su yi shiru. Wannan yana damuna ƙwarai, domin darasin ba shi da wuya idan an fara shi daga abin da hannu yake taɓawa, sannan a hau zuwa lissafi.

A fara da abin da malamai suke kira matiyer, wato duk abin da yake da nauyi kuma yake cin wuri. Tubali, man gyaɗa da iskar da ke cikin tayar keke duka suna cikin wannan ma'ana, kuma su ne misalan halaye uku: daskararre, mai ruwa-ruwa, da iska. Ka sayi ƙanƙara, ka sa ta a kwano har ta narke, sannan ka ɗora ruwan a wuta har ya tafasa a kusan digiri 100 ya zama tururi. Kamanni ya sauya sau biyu, amma abin da ke ciki yana nan a matsayinsa na ruwa.

Daga nan ka gwada gishiri. Ka zuba cokali biyu a rabin kofin ruwa, ka motsa har ya ɓace, ka juye a faranti mai faɗi, ka ajiye a rana. A zafin watan Afrilu ba za a daɗe ba ruwan zai ƙafe, ka ga farin gishiri ya kwanta a gindin faranti, kamar yadda masu aikin gishiri a Bilma suke samun nasu. Gishirin bai halaka ba. Ya rarrabu ne zuwa ƙwayoyin da ido ba ya gani. Sai kuma ka daka ɗan guntun kanwa, ka matsa masa lemon tsami. Zai yi kumfa yana tsuwwa, domin an samu sabon abu, iskar da ake rubutawa CO2, irin wadda gawayi yake fitarwa idan yana ci. Gwaji na farko sauyin kamanni ne kawai, na biyu kuwa sauyin sinadari ne, kuma a duka biyun babu abin da ya ɓata daga jimillar nauyi idan an lissafa har da iskar da ta tashi. Wannan ita ce ƙa'idar da Lavoisier ya bayyana a 1789.

Yanzu sai a shiga cikin ƙwayar zarra, wadda ake kira atom. Tana da cibiya a tsakiya, inda furoton masu caji mai alamar ƙari (+) suke tare da nutiron marasa caji, sannan elektiron masu alamar ragi (−) suna kewaye. Ba a gano su rana ɗaya ba: Thomson ya gano elektiron a 1897, Rutherford ya nuna akwai cibiya a 1911, Chadwick kuma ya gano nutiron a 1932. Faɗin atom kusan kashi ɗaya ne cikin biliyan goma na mita, cibiyarsa kuma ta fi shi ƙanƙanta kusan sau 100,000. Don ka ji girman wannan tazara, ka ɗora ƙwayar gero ɗaya a tafin hannunka. Da ita ce cibiya, da faɗin atom ɗin ya kai kusan mita 200, wato tsawon filin ƙwallo biyu, kuma kusan dukkan nauyin yana cikin wannan ƙwayar geron, tunda furoton ya fi elektiron nauyi kusan sau 1,836.

Inda ya kamata ka fi daɗewa shi ne karanta jadawalin sinadarai, wanda Mendeleev ya tsara a 1869, yau kuma yake ɗauke da sinadarai 118. Lambobi biyu za ka riƙe, Z da A. Z ita ce yawan furoton, kuma ita ce shaidar sinadari, domin idan ta sauya sinadarin ma ya zama wani. A ita ce jimillar furoton da nutiron. Saboda haka yawan nutiron shi ne A a cire Z, yawan elektiron kuma daidai yake da Z muddin atom ɗin ba shi da caji. Ɗauki sodiyom: Z 11 ce, A 23 ce, sai ka samu furoton 11, elektiron 11, nutiron 12. Ka jera elektiron ɗin bisa zobban da ke kewaye da cibiya, zoben K yana ɗaukar 2, L yana ɗaukar 8, saura 1 ya tafi M. Wani sinadari, kulor, mai Z 17, zai ba ka 2, 8, 7. Ɗaya yana da rarar elektiron guda, ɗayan yana neman guda don ya cika 8, shi ya sa sodiyom yake bayarwa ya zama Na+, kulor yake karɓa ya zama Cl−, su ja juna su zama NaCl, gishirin da ka gani a faranti.

Kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai shi ne rikita alamomi. N azot ne, Na sodiyom ne, kuma alamar ta fito daga sunan natrium, wanda asalinsa yake komawa ga natron, wato kanwa. Co ƙarfen kobal ne, CO kuwa iskar nan ce mai guba da gawayi yake fitarwa a ɗaki rufaffe lokacin hunturu. A alamar sinadari ɗaya, harafi na biyu ƙarami ne kullum; CO sinadarai biyu ne a haɗe, C da O. A buhun takin zamani da manoman gero da gyaɗa suke saye ma za ka ga NPK: azot, fosfor da potasiyom.

Idan ka ga an rubuta 35.5 a ƙarƙashin kulor a jadawali, kada ka ɗauka akwai rabin nutiron. Matsakaici ne tsakanin kulor mai A 35, wanda ya kai kusan kashi uku cikin huɗu, da kulor mai A 37. Irin waɗannan ƴan'uwa masu Z ɗaya da A daban su ake kira izotop. Uraniyom da ake haƙowa a Arlit yana da Z 92. Kusan kashi 99.3 cikin ɗari nasa mai A 238 ne, kusan 0.7 kuma mai A 235. Ka ɗauki alƙalami ka cire 92 daga kowanne, za ka samu nutiron 146 da 143, sannan ka yi irin wannan lissafi ga karbon 12 da karbon 14, waɗanda Z ɗinsu 6 ce.