Darasi na 9: Magani da Jinin Ƙwaƙwalwar Bakwaini

Bakwaini shi ne jaririn da ya zo kafin ciki ya cika mako 37. Wanda ya zo kafin mako 32, ko nauyinsa bai kai kilo ɗaya da rabi ba, jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa ba su yi ƙwari ba.

Manoman Jazira a Sudan sun san aikin ƙofar tur'a, wato magudanar ruwan noma: ita ke daidaita ruwan da zai shiga gona. Jikin babba yana da irin wannan ƙofa ga jinin da ke hawa kai. Ta bakwaini ba ta gama ginuwa ba. In jini ya taho da ƙarfi, jijiya ta fashe. In ya yi ƙasa, ƙwaƙwalwa ta rasa iska. Yawancin zubar jinin nan a kwana uku na farko yake faruwa.

Shi ya sa a ɗakin jarirai, wanda a nan ake kira hadana, saurin ba da magani abin lura ne kamar yawansa. Ga misali, akwai jijiya kusa da zuciya da ya kamata ta rufe bayan haihuwa, amma a bakwaini takan tsaya a buɗe. Maganin indometasin yana rufe ta, sai dai yana matse jijiyoyin ƙwaƙwalwa, jini ya ragu. Don haka ba a tura shi lokaci guda, sai a hankali, cikin minti 20 zuwa 30. Ibufurofen yana wannan aiki ba tare da rage jinin kai sosai ba, amma ana auna fitsarin yaro saboda ƙoda. In kun ga na'ura tana ɗiga magani, kada ku matsa wa nas ta hanzarta.

Kafeyin (caffeine citrate), maganin ɗaukewar numfashi, kashin farko miligiram 20 ne ga kowane kilo na nauyin yaro, sannan 5 zuwa 10 kullum. Yakan ɗan rage gudun jinin kai na ɗan lokaci, amma amfaninsa ya rinjaya. Eh, sinadarin da ke cikin jabana ne, to amma kada kaka ta ce za ta ɗiga wa jika gahawa!

Kariya tun daga ciki take farawa. Naƙuda in ta taso tsakanin mako 24 da 34, a garzaya asibiti, ko daga Mai Wurno ne zuwa Sinnar. Ana yi wa uwa allurar deksametason sau huɗu, awa 12 tsakani. Tana nunar da huhun ɗa, tana rage zubar jini a ƙwaƙwalwa.

Likita yana duba kan yaro da na'urar hoto ta maɗiga, ba ciwo. Bayan sallama, kada a ba shi wani magani ko jiƙo sai wanda aka rubuta, a auna da sirinji, ban da cokali. In maɗiga ta kumbura, ko ya ƙi nono, ko yana jijjiga, a ɗora shi a ƙirji fata da fata, a lulluɓe, a koma asibiti nan take.